Man Giyar Da Ya Shekara A Ajiye: Abin Da Masu Tarakta A Birnin Gwari Za Su Fara Dubawa

Tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar kara, manoma da dama sun koma gonakin da rashin tsaro ya raba su da su a gefen dajin Kamuku da yankunan Kuyello, Randagi da Dogon Dawa. Ƙasa ce ta masara da dawa da shinkafa, kuma noman da ake yi a cikinta ya fi ƙarfin fartanya. Shi ya sa aka fito da taraktoci da kayan da ake ɗaura musu, waɗansu bayan sun daɗe a jingine. Kowane mai tarakta ya san ya yi wa inji juye, ya sayi batir, ya duba tayoyi. Abin da aka fi mantawa shi ne ɗan giyabos ɗin da ke jikin na'urar da ake ɗaurawa a baya, kamar rotabeta mai barbaza ƙasa ko injin yankan ciyawa. A ganina canza mansa shi ne aiki mafi araha da zai iya ceton damina guda.

A bayan tarakta akwai ƙarfe mai juyawa da ake kira PTO, wanda galibi ke zagayawa sau 540 a minti ɗaya. Farfela ce ke ɗaukar wannan juyi ta kai shi giyabos, inda giya biyu masu haƙora suka haɗu a kusurwa, suna karkata juyin zuwa wuƙaƙen da ke sarar ƙasa ko ciyawa. Duk ƙarfin da injin ya tura yana bi ne ta kan 'yan haƙoran da suka cije juna a wannan lokaci, kuma ba abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe sai siririn mai. Saboda haka ake zuba man giya mai kauri, irin mai lamba 80W-90 ko 85W-140, wanda aka haɗa da sinadaran da ke jure matsi mai tsanani. Yawansa kuwa sau da yawa bai kai lita uku ba.

Wani zai ce na'urar da ba ta yi aiki ba manta sabo ne, don me za a zubar? Amsar ita ce ajiya ma tana lalata mai. Giyabos ɗin yana da 'yar kafar shan iska a samansa. Da rana ya ɗau zafi ya fitar da iska, da dare ya huce ya zuƙo iska mai laima, laimar ta zama ɗigon ruwa ta kwanta a ƙasan mai. Damina biyu ko uku a yanki mai ruwa kamar Birnin Gwari sun isa tsatsa ta kama boris, robar da ke tare mai ta bushe ta fara yoyo.  Littattafan masu ƙera irin waɗannan na'urori galibi sukan ce a yi juyen farko bayan kimanin awa 50 na aiki, daga nan kuma aƙalla sau ɗaya a shekara.

Aikin ba shi da wuya. A kunna na'urar na 'yan mintuna don man ya yi ɗumi ya saki, sannan a cire PTO daga giya, a kashe inji, a zare makulli, a sauke na'urar a kan ƙasa mai daidai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi. A goge ƙura a jikin giyabos ɗin, a kwance notin juye mai na ƙasa, a tari man a roba mai tsabta, a dube shi da kyau. In ya fito fari-fari kamar an dama da madara, ruwa ya shiga. In an murza shi a yatsa an ji tsakuwa-tsakuwa, ko an ga ɓarɓashin ƙarfe manne da maganaɗisun noti, haƙori ko boris ya fara ci, sai a kira bakanike tun abin bai yi nisa ba. Daga nan a ɗaure, a zuba sabo har ya fara leƙowa ta ramin awo na gefe, a tsaya nan, domin cika shi fal kan sa ya yi kumfa ya fasa roba. A share kafar iska, a warware ciyawa ko waya da ta naɗe a shaf. Tsohon man kuma a adana shi a jarka, kada a tuttular a fadama ko rafin da dabbobi ke sha.

Akwai masu cewa man giya ya yi tsada, su zuba baƙin man da aka juye daga inji ko su cusa giris. Hujjarsu abar saurare ce, don mutumin da ya yi shekaru bai girbe gonarsa ba kowace naira nauyi gare ta. Amma araha ba ta ado. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da dattin inji, kuma ba a yi shi don irin wannan matsi ba. Giris kuwa giya kan ture shi gefe ta ci gaba da juyawa a bushe, sai dai irin mai ruwa-ruwa da maƙerin na'urar ya amince da shi. Ranar da haƙori ya karye, sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Panteka a Kaduna, ko a wuce Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ba lallai a dace da irinsa ba. Kafin a dawo ruwan shuka ya wuce.

Asarar kuma ba ta tsaya kan mai tarakta ba. Yawancin manoma haya suke yi, kuma tarakta ɗaya ce ke zagaya gonakin mutane da yawa bi da bi, in ta tsaya duk wanda ke layi ya makara. Don haka ya kamata masu bayar da haya da ƙungiyoyin manoma su sa juyen man giya cikin shirin bazara, su rubuta ranar da aka yi shi, manomi kuma ya tambayi direba kafin ya biya kafin alƙalami. Mutanen da suka sha wuya kafin su sake taka gonakinsu bai kamata su rasa amfanin shekara saboda lita biyu ta mai ba.