Izinin shiga dosiyoyi masu alaƙa da juna a cikin manhajar kula da abokan ciniki

0. Gabatarwa

Manhajar kula da hulɗa da abokan ciniki, wadda ake taƙaita sunanta GRC da Faransanci (gestion de la relation client), rumbun bayanai ce inda kamfani ke tara duk abin da ya sani game da masu saye a wurinsa: sunansu, mutanen da ake tuntuɓa, cinikin da ake kai, bashin da ake bi, da ƙorafin da suka kawo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tasa takarda a cikin kwamfuta, wadda za mu kira dosiye, kamar yadda ma'aikatan biro suka saba cewa. Dosiyoyin nan a ɗaure suke da juna. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: in an bai wa ma'aikaci izinin buɗe dosiye guda, mene ne hukuncin sauran da ke ɗaure da shi? Za mu nuna cewa izini yana bin igiyar alaƙa, saboda haka lokacin da ake ƙulla alaƙar ne ake yanke shawarar wanda zai ga me, ko mai tsarawa ya lura ko bai lura ba.

1. Asalin matsalar

A shekarar 1970 E. F. Codd na kamfanin IBM ya gabatar da tsarin ajiye bayanai cikin jadawaloli masu alaƙa da juna, inda layi na wannan jadawali ke ɗauke da lambar layi na wancan. A 1971 Butler Lampson ya kwatanta izini da allo mai layuka da ginshiƙai: masu aiki a gefe guda, abubuwan da ake tsarewa a ɗaya gefen, a mahaɗarsu kuma a rubuta abin da aka yarda. A 1976 Griffiths da Wade suka bayyana hanyar bayar da izini da janye shi a kan jadawali, wadda harshen SQL ya gada. A 1992 kuma Ferraiolo da Kuhn suka tsara izini bisa muƙami, watau a rataya izini ga kujera, duk wanda ya zauna bisa ita ya same shi.

Waɗannan hanyoyi sun fi ƙarfi wajen amsa tambaya irin ta « wa zai buɗe jadawalin ciniki? ». Kamfani kuwa tambayarsa ta fi haka ƙanƙanta: wane layi daga cikin jadawalin? Ga shi kuma allon Lampson yana kallon kowane abu shi kaɗai, bai san cewa wannan layi ɗan wancan ne ba.

2. Hanyoyi uku da izini ke bi

Mu ɗauka wani kamfanin sari yana da reshe a Maraɗi da wani a Damagaram, akwai kuma wani babban ɗan kasuwa da ke saye a rassan biyu. Dosiyensa shi ne uwa. Ƴaƴan su ne cinikin da ya yi a kowane reshe, da ƙorafinsa, da takardar rangwamen da darakta ya yi masa a asirce. Abu uku ne ke iya faruwa:

a) izini ya sauka: wanda ya ga uwa ya ga ƴaƴa duka;
b) izini ya hau: wanda ke riƙe da ɗa guda ya ga uwa;
c) izini ya tsaya inda aka ba da shi: kowane dosiye da nasa mai shi, da tasa ƙofa.

Kowace hanya da ribarta da hasararta. Ta (a) tana da sauƙin gudanarwa, amma ma'aikacin Maraɗi zai ga farashin da aka yi a Damagaram, har da rangwamen darakta. Ta (c) tana rufe asiri, amma mai karɓar ƙorafi zai riƙe takarda bai san ta wane ne ba. Haɗa (a) da (b) babu lura shi ne ya fi haɗari: ma'aikaci ya hau daga ɗa guda zuwa uwa, daga nan ya sauko kan sauran ƴaƴa, ƙaramin izini ya zama mabuɗin gida duka. Bari mu ga yadda manhajoji biyu sanannu suka warware wannan.

3. Tsarin Salesforce

Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a Amurka a 1999, yana farawa ne daga rufewa: ana sa ƙa'ida ta kowa da kowa a kan kowane irin dosiye (na sirri, na karatu kaɗai, ko na karatu da gyara), sa'an nan a riƙa buɗe ƙofofi ta tsanin muƙamai da ƙa'idodin rabawa. Shugaba yana ganin abin da na ƙasa da shi ke gani.

3.1. Alaƙa mai ƙarfi (principal-détails). A nan ɗa ba shi da mai shi na kansa. Izininsa na uwa ne gaba ɗaya, in kuma aka share uwa, ƴaƴa sun tafi tare da ita. Wannan ita ce hanyar (a) tsantsa. Dosiye yana iya samun uwa biyu irin wannan, kuma a lokacin sai ma'aikaci yana da izinin karanta su biyun kafin ya gan shi.

3.2. Alaƙar nuni (référence). Ɗa yana nuna uwa, amma yana da mai shi da ƙa'idarsa. Share uwa ba ya tilasta share shi. Wannan ita ce hanyar (c).

3.3. Rabawa ta fakaice (partage implicite). Tsakanin dosiyen abokin ciniki da ƴaƴansa na asali, watau mutanen tuntuɓa, ciniki da ƙorafi, manhajar da kanta take buɗe ƙofa. Wanda ke da izini a kan ƙorafi guda yana samun karanta uwa, karatu kaɗai. Mai uwa kuma yana ganin ƴaƴa gwargwadon abin da aka rubuta wa muƙaminsa. Abin lura shi ne an raba hawa da sauka: wanda ya hau ta ƙorafi bai zama mai uwa ba, don haka wannan hawan bai ba shi sauran ƴaƴan da ke da tasu ƙofa ba. Amma in an sa wani irin ɗa a ƙarƙashin ikon uwa, to duk mai karanta uwa ya gan shi, har da wanda ya zo ta hawa. Takardar rangwamen darakta, in an ɗaure ta da alaƙa mai ƙarfi, ta buɗe ke nan ga mai karɓar ƙorafi.

4. Tsarin Dynamics 365

Manhajar Microsoft, wadda fitowarta ta farko ta kasance a 2003, ta raba izini gida takwas: ƙirƙira, karatu, gyara, sharewa, liƙawa, karɓar liƙi, miƙa wa wani, da rabawa. Kowane ɗaya kuma yana da faɗinsa: dosiyoyin ma'aikaci shi kaɗai, na sashensa, na sashensa da sassan da ke ƙasa, ko na kamfani duka. In mutum yana da muƙami biyu, izininsu haɗuwa yake yi, mafi faɗi shi ke aiki.

Biyu daga cikin takwas ɗin sun shafi batunmu kai tsaye. Kafin ma'aikaci ya ɗaura wata takarda ga dosiyen abokin ciniki, sai yana da izinin liƙawa a kan takardar, da izinin karɓar liƙi a kan dosiyen. Watau ƙulla alaƙa ita kanta aiki ce mai neman izini daga ɓangarori biyu. Hikimar a fili take: tun da izini na bin igiya, wanda ke iya ɗaura igiya yana iya canja wanda ke gani.

Bayan haka kowace alaƙa tana da ƙa'idar gangarawa (cascade). Ga kowane aiki da aka yi wa uwa, kamar miƙa ta ga wani, raba ta, janye rabon, ko canja wa ɗa uwa, mai tsarawa yana zaɓen ko aikin ya gangara ga ƴaƴa duka, ko ga masu aiki kaɗai, ko ga waɗanda mai uwa ya mallaka, ko kada ya gangara sam. A misalinmu, in an mayar da ma'aikacin Maraɗi wani wuri aka miƙa dosiyen ga magajinsa, zaɓin « duka » zai kwashe har cinikin Damagaram ya ba sabon mutum. Zaɓin « waɗanda mai uwa ya mallaka » zai bar na Damagaram a hannun masu shi.

Gangarawa tana da tsada. Kowane rabo layi ne a cikin jadawalin izini. Uwa mai ƴaƴa 200, in an raba ta ga mutum 10 ɗaya bayan ɗaya, layi 2010 ke nan. In ga ƙungiya guda aka raba, 201 ne. Dalili ke nan da ya sa ake fifita ƙungiya. Salesforce ma yana gargaɗi kada a tara wa uwa guda ƴaƴa fiye da 10.000, don lissafin izini yana nauyi duk lokacin da aka canja mai ita.

5. Inda bayani ke yoyo ko da ƙofa a rufe

Rufe dosiye bai isa rufe abin da ke cikinsa ba. Akwai kafofi uku da ya kamata a bincika.

Ta farko, gurbin da ke kwafo bayani daga wani dosiye. A Salesforce, in an sa gurbi a kan ɗa wanda ke ɗauko adadi daga uwa ta hanyar lissafi, mai ganin ɗa zai ga adadin ko ba shi da izinin uwa.

Ta biyu, jimla. In dosiyen uwa ya nuna jimlar cinikin rassa biyu, ma'aikacin Maraɗi zai ɗebe nasa ya san na Damagaram, bai buɗe takarda ko ɗaya ba.

Ta uku, ƙananan shirye-shirye da kamfani ke ƙara wa manhaja. Ana iya rubuta su ta yadda za su yi aiki da ikon manhajar kanta, su tsallake ƙa'idodin rabawa. Ɓoye maɓalli a fuskar kwamfuta ba tsaro ba ne. Dole a yi binciken izini a wurin da ake ɗauko bayani. Shi ya sa rumbun PostgreSQL ya kawo tsaro na layi-layi a fitowarsa ta 9.5 a 2016.

6. Kammalawa

Tun 1975 Saltzer da Schroeder suka kafa ƙa'idar cewa kowane mai aiki a ba shi mafi ƙarancin izinin da aikinsa ke bukata. A cikin rumbu mai alaƙa, ba a iya auna wannan ƙaranci ta duban dosiye guda. Sai an bi kowace igiya an ga inda ta kai. Batun kuma ya wuce asirin kasuwa, domin dosiyoyin nan na mutane ne. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, wadda ta samar da hukumar HAPDP, aka sabunta ta a 2022. Dokar Tarayyar Turai kuwa ta fara aiki a watan Mayu 2018.

Saboda haka muna ba ɗaliban da za su tsara irin wannan manhaja shawara su rubuta amsar tambaya huɗu a gefen kowace alaƙa tun suna zane bisa takarda: izini yana sauka? yana hawa? wa ke da ikon ƙulla ta ko canja ta? me ke faruwa ga ƴaƴa ranar da uwa ta canja hannu? Daga nan a gwada da asusun ma'aikaci mafi ƙanƙantar muƙami, a ƙidaya dosiyoyin da ya iya kaiwa gare su, a gwama da abin da aka yi niyya.