Hasken Duniya A Jikin Jinjirin Wata: Yadda Na Ɗauki Hotonsa

Duk wanda ya taɓa fita duban watan azumi zai tuna cewa bayan siririn ɓangaren nan mai haske, sauran jikin watan ma ana hango shi dishi-dishi, launinsa toka-toka. Wannan dusasshen haske shi na daɗe ina farautar hotonsa. Faransawa suna kiransa haske mai launin toka, ni kuwa na fi son in ce hasken duniya, domin daga gare mu yake tafiya.

Ga yadda abin yake. Wata ba shi da hasken kansa. Rana ke haska duniyarmu, ita kuma ta mayar da kimanin kashi 30 cikin 100 na hasken zuwa sama, galibi ta hanyar gajimare. Wani ɓangare nasa ya ci tafiyar kilomita 384,400 ya faɗa wa duhun wata, sannan ya sake dawowa idanunmu. Leonardo da Vinci, mutumin Italiya, ya bayyana haka wajen shekarar 1510, sai dai shi ya ɗora abin a kan ruwan teku. Lokacin da wata yake jinjiri a wurinmu, da mutum zai tsaya can ya waiwayo, cikakkiyar duniya zai gani. Shi ya sa hasken ya fi ƙarfi a kwanakin farko da na ƙarshen wata.

Gwajina na farko asara na yi. Na riƙe kyamara a hannu, hoton ya fito jirwaye. Da na ɗora ta a kan ƙafa uku, sai wata matsalar: idan na rage lokacin shigar haske, jinjirin ya fito fes amma tokar ta ɓace, idan na ƙara, jinjirin ya zama fari fat. Dole a sadaukar da ɗaya, na kuwa sadaukar da jinjirin. Daƙiƙa 1 zuwa 2 ta wadatar. Da na zarce haka da dogon gilashi, juyawar duniya ta ja watan, hoton ya ɓaci.

Lokaci ma ƙalilan ne. A kwana na biyu ko na uku, bayan magariba, watan yana ƙasa-ƙasa a yamma, ga gajimaren damina a nan Kudu, ga hazo in hunturu ya shigo. Sai a wata na huɗu na dace, har baƙaƙen tabon nan na fuskar wata suka fito a cikin tokar.