Tashar Kafanchan da Batun Zaɓen Sana'a

Yau shirin namu a Kafanchan ya yada zango, a bakin tashar jirgin ƙasa.

Tun wajen 1927, da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, reluwe ta zama uwa ma ba da mama a garin nan. Yaro ya tasa, a kai shi loko. Zai fara da goge inji, jiki duk baƙin mai. Shekaru su tura, ya zama fayaman, yana watsa kwal ɗin Inugu cikin wuta. In da rabo, wata rana shi ne direba, ga gida a kwatas, ga fansho yana jiransa. Wa ke neman mai ba shi shawarar sana'a a lokacin? Hanya a shimfiɗe take.

Irin wannan rayuwa ce wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Donald Super, ya tsara a shekarun 1950. Ya ce aikin mutum matakai biyar ne: tasowa, lalube, kafuwa, riƙe abin da aka samu, sai ja da baya. Da ya leƙo Kafanchan a zamanin, da ya yi murna. To amma daga shekarun 1980 jirage suka yi ta raguwa, aka yi ta sallamar ma'aikata, fansho ya koma sai an yi jiran gawon shanu. Magidanci mai shekara arba'in da ya kamata yana riƙe da abinsa, sai ga shi ya koma lalube, wannan ya hau acaɓa, wancan ya buɗe shago, wani ya koma gona. Shi kansa Super daga baya ya yarda cewa mutum kan sake zagayo matakan nan a tsakiyar rayuwa.

Ga abin da ya fi ɗaukar hankalin shirin nan. Mutumin da ake kira uban fannin ba da shawarar sana'a, Frank Parsons, shi ma ɗan reluwe ne! Injiniya ne, ya gama Jami'ar Cornell yana saurayi, ya kama aiki da kamfanin jirgin ƙasa, sai karayar arzikin 1873 ta rusa kamfanin. Injiniya guda ya koma lebura. Daga nan ya zama malamin makaranta, ya karanta lauya, har ya koyar da shari'a a jami'a. Sai a 1908, bayan duk wannan faɗi-tashi, ya buɗe ofishin ba matasa shawara a birnin Boston. A shekarar ya rasu, littafinsa ma bai ga fitowarsa ba, sai 1909. Darasinsa uku ne kacal: ka san kanka, ka san ayyukan da ke akwai, sannan ka zauna ka auna su da hankali. Ka san kanka, ka san aikin, ka auna.

A Najeriya, aikin ba da shawarar sana'a ya faro a 1959 a Ibadan, inda sistocin makarantar St. Theresa suka gayyato ma'aikata su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a sa masu ba da shawara a makarantu. A takarda kenan. Sau da yawa malamin da aka ɗora wa aikin yana da azuzuwansa da yake fama da su, ma'aikacin da ya riga ya kama aiki kuwa ba a cika tunawa da shi ba.

Kudancin Kaduna ba ta rasa makarantu: ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna da makarantar nas-nas a Kafanchan. Sai dai cutar da ta cinye citta a 2023, daga Kachia zuwa Jaba, ta nuna cewa manomi da dillali da mai lodin buhuna su ma suna iya wayar gari suna neman sabuwar sana'a, kuma ba su da ofishin da za su je.

Lokaci ya ƙure mana, masu sauraro. Batun John Holland da rabe-raben halayen ma'aikata guda shida sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.