Ko Ka Sani? Dokin da Ke Turke a Gidan Sarki

Ko ka san cewa a fadar Kano akwai babbar sarauta da doki ne tushenta? Shamaki ke nan, mai kula da bargar sarki, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan bayin sarki masu faɗa a ji. Wanda ya je ziyara Gidan Rumfa, gidan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya gina, idonsa kan tsaya a kan soraye da zanen bango, ya wuce barga. Alhali a da can, ƙarfin sarki yawan dawakinsa ne.

Dubi barde ranar hawa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji (1390-1410) ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke, rigar nan ta ƙananan zobban ƙarfe, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Lifidi kuwa ɗinkin gida ne, auduga ake cusawa cikin ƙyalle don kibiya ta maƙale kafin ta kai tsoka. Su kansu dawakin, manya daga arewa da gabas ta Barno ake kawo su. Ka ga mutum ɗaya a kan sirdi, amma kayansa na ƙasashe da yawa. Da jihadi ya fitar da sarakunan Katsina a 1807, zuriyarsu ta zauna Maraɗi da Tasawa da wannan al'adar hawa.

Busasshiyar ƙasa mai yashi irin ta Tasawa da Mayahi tana karɓar doki. Can kudu cikin kurmi ƙudan tsando ke sa masa sammore, shi ya sa mayaƙan dawaki ba su cika yin nisa a daji mai duhu ba.

Amma duk kwarjininsa, doki dabba ce mai laulayi. Tumbinsa ƙarami ne idan aka gwada da jikinsa, kuma ba ya iya amai, domin bakin tumbin a matse yake, abin da ya shiga ba ya dawowa. Sakacin ɗan barga ɗaya, ya zuba masa gero fiye da kima, ya isa ya kawo ciwon cikin da zai kashe dokin da aka sayar da gona aka saya. Saboda haka ake ba shi harawa da dusa kaɗan-kaɗan, a haɗa da kanwa. Yana gyangyaɗi a tsaye don jijiyoyin ƙafarsa suna kulle gaɓoɓi, sai barci mai nauyi ke kwantar da shi. Ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Mai hankali kan yi masa magana kafin ya matso.

Ba sarakunanmu kaɗai suka gina gida da doki a zuciya ba. A Shangdu, arewacin Sin, Kublai Khan ya sa aka fara gina masa gari a 1256 bisa tsarin biranen Sinawa, mai ganuwa da fada, amma ya bar makiyaya da tantuna irin na kakanninsa Mongol. Matafiyin nan Marco Polo ya ba da labarin fararen dawakinsa sama da 10,000, waɗanda nonon goɗiyoyinsu sai jinin sarauta da wata kabila guda da aka yi wa alfarma ke sha. Kufan Shangdu ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2012, hawan daba na Kano kuma ya shiga jerin al'adun hukumar a 2024.