BIRAN DAJIN GASHAKA: ABIN DA BINCIKE YA NUNA WA MANOMI DA MAHARBI

Gabatarwa

Ba manomin da ke murnar ganin biri a bakin gonarsa. Garke guda na gogo, wanda wasu ke kira bika, yana iya karya masarar da aka yi wata uku ana wahala a kanta tun rana ba ta take tsaka ba. Saboda haka mutane da yawa sukan yi mamaki in suka ji an ce akwai masu ilmi waɗanda suka bar gidajensu suka tare a daji shekara da shekaru don nazarin birai kawai. Wannan ɗan littafi zai bayyana wa jama'a irin aikin da waɗannan masana suka yi a ƙasar nan, da abin da suka gano, da kuma amfaninsa ga manomi da maharbi da ƙasa baki ɗaya.

Inda aka yi aikin

Gandun Dajin Gashaka-Gumti yana cikin Jihar Taraba da Jihar Adamawa, daura da iyakar Kamaru. Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya, don faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, wanda tsawonsa ya kai mita 2,419, ba kuwa wanda ya kai shi a ƙasar nan. Hedkwatar gandun tana garin Serti.

A shekarar 2000 wani shehun malami Bajamushe mai suna Volker Sommer, na wata babbar kwalejin jami'a da ke birnin Landan, ya kafa aikin nazarin birai a wannan daji. Aka yi sansani a Kwano, tsohon kufai a tsakiyar kurmi, da wani kusa da ƙauyen Gashaka. Ɗalibai daga Turai da jami'o'in Nijeriya suka yi ta zuwa, mutanen wurin kuwa, waɗanda suka san dajin ciki da bai, su ne jagorori da mataimaka. A 2011 aka tattara sakamakon shekara goma na farko cikin babban littafi guda, wanda Sommer da Caroline Ross suka tsara.

Yadda ake nazarin biri

Aikin na mai haƙuri ne. Da farko sai an saba wa garke ganin mutum, watau a riƙa binsa daga nesa kullum, ba tsawa ba jifa, ba kuwa ba shi abinci, har ya daina gudu. Wannan yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Daga nan sai a san kowane biri da kamanninsa, a sa masa suna. Mai bincike yakan tashi tun asuba ya iske garken a inda ya kwana, ya bi shi har magariba, yana rubuta abin da ya ci, da nisan tafiyarsa, da lokacin hutunsa, da ranar da kowace mace ta haihu. Har kashin birai akan kwasa a kai ɗakin gwaji, domin shi ke tona asirin abin da suka ci da halin da jikinsu ke ciki.

Me ya sa gogo ke shiga gona?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun manomi. Wata masaniya mai suna Ymke Warren ta fara bin garke biyu na gogo don neman amsarta, wasu kuma suka ci gaba a bayanta. Garken Kwano abincin daji kaɗai yake ci. Garken Gamgam kuwa, wanda ke kusa da ƙauyen Gashaka, yana haɗawa da amfanin gona, musamman masara.

Da aka gwama su sai bambanci ya fito fili. Gogon da ke cin gona yana ƙoshi da wuri, saboda haka yana samun hutu fiye da na kurmi. Matan garkensa suna sake haihuwa da sauri, 'ya'yansu kuma ba su mutuwa kamar na Kwano. Dalili kuwa shi ne, zangarniyar masara guda ta fi abin da gogo zai daɗe yana tsinta a daji ƙarfi. Ashe ba don mugunta yake shiga gona ba, ribar da yake samu ce ta fi kasadar da yake yi.

Darasin a nan a bayyane yake. Muddin gona tana manne da bakin kurmi ba mai tsaro, gogo zai shige ta, kuma cin da yake yi zai ƙara masa yawa. In an harbe ɗaya, sauran suna nan, masarar ma tana nan. Abin da ke rage ɓarna shi ne a sa shigar ta yi masa wuya.

Sirrin ɗinya

Kowa ya san ɗinya, amma ba kowa ya san abin da take yi wa gogo ba. A 2007 James Higham da abokan aikinsa suka ba da rahoto cewa, a lokacin da matan gogo na Gashaka ke yawan cin 'ya'yan ɗinya da sababbin ganyenta, gwajin kashinsu yakan nuna ƙaruwar wani sinadari mai kama da wanda jikin mai ciki ke fitarwa. A wannan lokaci alamar neman barbara takan ɗauke musu, ba su kuwa ɗaukar ciki. Sai dai a lura, wannan bincike a kan gogo aka yi shi. Kada kowa ya ɗauki ɗinya a matsayin maganin tazarar haihuwa, wannan magana ce ta likita.

Biri mai ganga

Mutanen Gashaka suna kiran cimfanzi biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ƙarar tana tafiya nesa kamar kiɗa. Irin da ke wannan daji, a Nijeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa duk duniya, kuma cikin iri huɗu na cimfanzi shi ne mafi ƙarancin yawa. Gashaka tana cikin manyan mafakarsa da suka rage.

Da yake yana da tsoron mutum, yawancin saninsa daga abin da ya bari a baya aka samo shi: sheƙar da yake yi da rassa kowane dare a kan itace, da kashinsa, da kayan aikinsa. Andrew Fowler da Sommer sun nuna a 2007 cewa yana gyara sanda ya tona ramin galla ya lashi zuma, yana kuma tsoma doguwar tsinkiya cikin gidan kwarkwasa, in sun hau ya kai baki. Yana cin kwarkwasa rani da damina. Abin mamaki, ba a same shi yana cin gara ba, alhali kuwa 'yan'uwansa na Gombe ta ƙasar Tanzaniya, waɗanda Jane Goodall ta fara nazari a 1960, sun shahara da zaro gara daga suri. Watau kowace jama'a tasu da al'adarta, ƙanana suna koyo daga manya. An kuma ga yana haɗiye ganye mai kaushi ba tauna, wanda masana suka ɗauka dabara ce ta fitar da tsutsar ciki. Lalle biri ya yi kama da mutum.

Kukan baƙin biri

Akwai kuma wani baƙin biri mai farin tabo a hanci. Namijin garke yana da kuka iri biyu, ɗaya yakan yi shi in ya ga gaggafa, ɗayan kuma in ya ga abin tsoro a ƙasa kamar damisa. A 2006 Kate Arnold da Klaus Zuberbühler suka nuna cewa in ya jera kukan biyu a haɗe, ma'anar takan sake ta zama kiran tashi, sai garke ya kama hanya. Wannan labari daga Gashaka ya zaga duniya, don ya taɓa tambayar da masana suka daɗe suna yi game da asalin harshe.

Abin da ke cikin haɗari

Cimfanzi ba ya haihuwa sai kamar bayan shekara biyar biyar, ɗa guda kuwa. Maharbin da ya kashe uwa don ya sayar da ɗanta ya yi ɓarnar da shekara goma ba ta gyarawa. Ban da farauta, sarar itace da gobarar daji da shigar shanu cikin gandu suna cinye mazauninsu. Hasarar kuwa ba ta birai kaɗai ba ce. Su ke baza irin itatuwa cikin kashinsu, kurmin da suke shukawa kuma shi ke riƙe ruwan da ke gangarawa Kogin Taraba zuwa Binuwai, inda manoma da masunta ke dogara da shi.

Jama'ar Jiwa da sauran garuruwan da ke kewaye da Abuja shaidu ne ga saurin ƙarewar daji. Tun da aka keɓe Yankin Babban Birnin Tarayya a 1976, gine-gine da hanyoyi suka ci gonaki da dazuzzuka masu yawa cikin zamanin mutum guda. Abin da ya faru can yana iya faruwa ko'ina.

Abin da ake bukata daga jama'a

1. Manoma su nisanta masara daga bakin kurmi, su haɗa gonakinsu wuri guda, su riƙa karɓa-karɓar tsaro daga fitar goyo har girbi.

2. Kada a sa guba. Ba ta zaɓen wanda za ta kashe, tana iya faɗawa kan kare, ko akuya, ko yaro.

3. Kada a ba biri abinci a bakin hanya ko wurin shaƙatawa, don wanda ya saba da hannun mutum shi ne ɓarawon gobe.

4. Kada a taɓa mushen biri, balle a ci. A ƙasar Gabon a 1996, cutar Ebola ta kama mutanen wani ƙauye bayan sun feɗe cimfanzin da suka tsinta a mace.

5. Kada a sayi ɗan cimfanzi don kiwo. Dokar kare namun daji masu shirin ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana farautarsa da cinikinsa. Wanda ya ga ana yi, sai ya sanar da ma'aikatan gandun daji mafi kusa, ko hakimi, ko 'yan sanda.

Dajin nan amana ce a hannun jama'ar yau. Wajibi ne a miƙa shi ga na baya da ruwansa da itatuwansa da namunsa.