AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ya Sa Kwaɗin Fadamarmu Suka Yi Shiru?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomin shinkafa a Tudun Wada. Ya ce a da in damina ta sauka kukan kwaɗi har hana su barci yake yi, amma yanzu fadamarsu ta yi tsit. Kuma ya ji an ce akwai masana da aikinsu ƙirga kwaɗi da kififfiya, shi ne yake tambaya, shin wannan ba rashin aikin yi ba ne?

To Malam, mun gode ƙwarai. Ai wannan shirun da ka lura da shi, shi ne abin da masanan ke bi. Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi da ita. Saboda haka in guba ta shiga ruwa, yana cikin waɗanda ke fara mutuwa. Ka ga ke nan kukansa shaida ce a kan lafiyar ruwan da kai da dabbobinka kuke sha. Ga shi kuma yana kwana yana cinye maka ƙwari a gona, ba ka biya shi ko kwabo ba.

Yadda suke aikin kuwa, da dare suke fita da tocila bayan an yi ruwa. Namiji ne ke kuka, kuma kowane iri da muryarsa, don haka sukan ɗauki muryoyin a na'ura su gane iri nawa ne a wurin. Kififfiya kuwa tarko ake ɗana mata, a auna ta, a yi mata 'yar shaida, a mayar da ita ruwa. In an dawo baɗi sai a gwada, a san ƙaruwa aka yi ko raguwa.

A 2010 wasu masana daga Jamus da Jami'ar Legas sun gano cewa 'yan kasuwa 32 kacal suna cinikin busassun kwaɗi kusan miliyan 2.7 a shekara, yawancinsu burduddugi, ana kai su kasuwannin Kudu. A 2023 kuma ƙididdigar duniya ta nuna kashi 41 cikin 100 na dangogin kwaɗi da makamantansu suna cikin haɗarin ƙarewa. Akwai ma wata ƙatuwar kififfiya da a da ake samu har a kogunan Nijeriya, wadda ta ɓace wa masana shekara da shekaru, sai a 2017 aka sake ganinta a Sudan ta Kudu.

Mu nan ruwanmu a haɗe yake. Kogin Kano ya ratso dajin Falgore ta Doguwa, ya zuba a madatsar Tiga ta Bebeji wadda aka gama a 1974. Abin da na sama ya zuba, na ƙasa ne zai sha.

Don haka ga shawara, har da ku mutanen fadamun Kiru. Kada a wanke tankin feshi a rafi ko kududdufi. A bar 'yar ciyawa a bakin ruwa ba a fesa mata magani ba. Masu su da guba, ku ji tsoron Allah. Kififfiya a cikin yashin gaɓa take binne ƙwanta, kuma tana shekaru kafin ta fara ƙwai, to a hana yara tonewa. Masu kama kwaɗi na sayarwa, ba mu ce ku bar sana'arku ba, amma ku ɗaga ƙafa a farkon damina lokacin da suke zuba ƙwai, in ba haka ba baɗi me za ku kama?

In kuma masu bincike sun zo ta hannun dagaci ko mai unguwa, ku gaya musu abin da kuka sani, don babu wanda ya kai ku sanin fadamarku.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.