Ilmin da Ke Cikin Tseren Mota na Mita 402

Sanin kowa ne cewa matasa na da sha'awar gudu, ko a kan doki ko a cikin mota. A ƙasar Sakkwato da Kabi an san tseren motoci na dogon zango da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu, kamar wanda aka yi a 2020 daga Abuja. To, akwai wani nau'in tsere na gajeren zango, inda motoci biyu kan tashi daga tsaye su miƙe a fili na tsawon mita 402, wato rubu'in mil. A Amurka ya bunƙasa, inda Wally Parks ya kafa masa ƙungiya a 1951 domin a raba matasa da tsere a kan titunan gari.

A ƙaddara wasu abokai biyu a Fakku, ɗaya malamin kimiyya ɗaya kuma makanike, sun haɗa ɗan abin da suka tara sun sayi tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, da nufin shirya ta domin wannan tsere. Kuɗinsu kaɗan ne. A ina ya kamata su fara kashe su? Da yawa za su ce a kan inji. Kimiyya ba ta yarda da haka ba.

Nauyi

A 1687 masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa saurin da abu ke ƙara gudu ya dogara ne a kan abubuwa biyu: ƙarfin da ke tura shi da kuma nauyinsa. Ke nan ana iya ƙara wa mota zafin tashi ta hanyar ƙara ƙarfin inji, ko kuma ta rage nauyi. Hanya ta farko na cin kuɗi, ta biyu kuwa sufana kawai take buƙata. Nauyin Fijo 504 ya kai kimanin kilo 1,200. Idan aka cire kujerun baya da safaya da shimfiɗu da sauran tarkace har kilo 120, zafin tashinta zai ƙaru da kusan kashi 11 cikin ɗari, ba tare da an taɓa injin ba. Abin da aka cire ma ana iya sayar da shi. Amma ba a yanke ƙarafan da ke riƙe da bodi, domin su ne garkuwar direba.

Taya da ƙasa

Komai ƙarfin inji, ta hanyar taya yake isa ƙasa, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Idan ƙarfin ya fi abin da tayar za ta iya riƙewa, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, ƙura na tashi, mota ba ta motsa ba. Riƙon taya a kan rairayi ko tsakuwa bai kai na busasshiyar kwalta ba ko kusa. Saboda haka tayoyi masu kyau sun fi wa abokan nan amfani a kan sabon kafireta.

Iska da zafi

Inji kamar huhu yake: da iskar da ya shaƙa yake ƙona mai. A watan Afrilu zafin wannan yanki kan haura digiri 40, kuma iska mai wannan zafi ta fi ta digiri 15 sakayau da kimanin kashi 8 cikin ɗari, don haka ƙarfin inji kan ragu. A lokacin hunturu kuma ƙura kan toshe matatar iska. Wasu kan cire matatar don mota ta ƙara numfashi, alhali ƙurar da za ta shiga tana cinye inji kamar yadda magagari ke cin ƙarfe. Sabuwar matata, da sababbin filogi, da wanke lagireto, su ne gyara mafi araha.

Direba

Jikin direba ma wani sashe ne na na'urar. Idan aka ba da alamar tashi, saƙo kan bar ido zuwa ƙwaƙwalwa, sannan ya bi laka da jijiyoyi zuwa ƙafa. Ko da yake saƙo na iya gudun mita 100 a daƙiƙa a cikin manyan jijiyoyi, dukkan aikin kan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa ga wanda ya shirya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, wato za ta ci mita 7 kafin ƙafa ta motsa. Rashin barci da ƙishirwa da ƙwayoyi masu bugarwa duk suna tsawaita wannan lokaci.

Tsayawa

A nan ne rai yake. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa kan ninka huɗu. Motar da birki zai tsayar a cikin kimanin mita 20 tana gudun kilomita 60 a kan kwalta, sai ta ci mita 80 idan tana gudun 120. Ƙwararru ma sun ɗanɗana wannan: bayan mutuwar direba Scott Kalitta a 2008, an rage zangon motoci mafi gudu a Amurka zuwa mita 305 domin a sami isasshen filin tsayawa. Wannan ya nuna cewa hanyar Tambuwal zuwa Jega, mai ɗauke da manyan motoci da 'yan kasuwa da garken shanu, ba fagen gwaji ba ce. Sai killataccen fili, da izinin hukuma, da 'yan kallo can nesa.

Kammalawa

Idan abokan nan za su rubuta kasafinsu, ga jerin da ya dace: birki, bel da hular kwano da tukunyar kashe gobara, tayoyi, rage nauyi, gyaran inji na yau da kullum, sannan ƙarin ƙarfi in kuɗi sun yi saura. Kafin a sayi komai kuma, su rubuta abin da kowa ya zuba da yadda za a raba idan aikin ya tsaya, domin kuɗi kan raba zumunci.

Sha'awar mota ba abin rainawa ba ce. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka a 1990, inda daga baya ya zana fasalin motar Chevrolet Volt. Da fensir da lissafi ya fara. Ɗalibin da ya riƙe su, ya fi wanda ya iya taka totur kusa da ƙera mota.